Ki Dawo Ran Talata

Melbourne, 8 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Assunta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɗanki Rocco da matarsa da yaran, da inabin da na ji an ce bana ya yi kyau har kin rasa abin ƙorafi. Da waya zan buga miki, to amma sai na yi ihu kafin ki ji, bangon gidan nan kuwa kamar na kwali ne, maganar kuma ba ta maƙwabta ba ce.

Bayan haka, tsoro nake ji, Assunta. Kada ki yi dariya.

Jikin matata Nunzia ƙalau, tana cin taliya kamar ɗan dako. Kan ne ya ƙara tafiya. Makon jiya na shiga wanka, na fito babu ita. A bakin babban titi na same ta, ta ɗora rigar kasuwa mai aljihun canji a kan rigar barci, tana tsayar da motoci, wai mun makara rumfa. Sunana ma yanzu sai ya ga dama yake zo mata. Yau Tano, gobe "bawan Allah". Likita ya ce ba zan iya tsaron ta ni kaɗai ba, lokacin gidan jinya ya yi.

Kin san abin da ya sa na sayar da gidanmu na Coburg na zuba kuɗin kaf a wannan unguwa ta tsofaffi. Ba don in gara ƙwallo a ciyawa da farar hula ba. Don gidan jinyar da ke tsallaken fili ne, wanda nake hango ƙofarsa daga tagar kicin. Suka ce duk ranar da ɗayanmu ya gaza, akwai gado, ɗayan kuma yana nan kusa. In kai mata kofi da safe da silifa a ƙafata. Abin da na saya ke nan, ba bulo da rufi ba.

To ga abin da idona ke gani. Ran Laraba na tarar da motar kayan miya a bayan kicin ɗin unguwa, a rufe, direba na zaune yana karanta jarida. Ashe Spiro ne, wanda muka sha sanyin asuba tare a kasuwar sari ta Footscray, kansa ya yi fari fat.

Na ce, "Spiro, tsufa ne ya hana ka sauke kaya, ko lalacin da aka haife ka da shi?"

Ya ce, "Tano! Ashe ba ka mutu ba. Ko ganyen latas ba na saukewa sai na ga kuɗi a hannu. Umarnin maigida ne."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Kirsimeti." Ya naɗe jaridarsa ya dube ni. "Ban faɗa maka komai ba fa."

A wannan makon kuma aka yi wa ƙofar shiga sabon fenti, aka shuka furanni a gaba, bayan gidaje kuwa magudanar ruwa na rataye kamar karyayyen hannu. Ran Asabar aka dafa mana jatan lande kyauta, har da mai kiɗa. Kowa na murna, ni kuwa na ture farantina gefe. Kin tuna Falzon mai kifi, maƙwabcin rumfarmu? Ya yi fenti ran Alhamis, ya sai wa kowa giya ran Juma'a, ran Litinin babu shi babu sikelinsa.

Wata mai zuwa za a yi taron shekara. Ranar ce doka ta tilasta wa kamfanin da ke riƙe da unguwar ya shimfiɗa mana lissafinsa, ya kuma amsa duk tambayar da mazauni ya yi. Amma zo ki ga yadda muke yi. A raba takardu. Des Culhane, shugaban kwamitinmu, tsohon hedimasta, ya miƙe ya ce, "Mu ɗauka an karanta. Masu goyon baya?" Hannaye su tashi, tukunyar shayi na huci a baya, shi ke nan sai kek. A wajen mutanen nan, ka tambayi mutum maganar kuɗi a bainar jama'a daidai yake da ka yi kaki a coci. Ni ma kowace shekara da nawa hannun ake yi, don matar Des, Merle, ta iya kek ɗin lemu kafin ɓarin jikinta ya shanye. Ita ma yanzu gadon take jira.

Za ki ce to in yi tambaya mana. Wanda zan tambaya shi ne manaja, Mista Pettifer. Wanda ke cewa wance ce za ta samu gado in ya faɗo, shi ne dai Mista Pettifer.

Ki gaishe da Rocco. Ki ce masa har yanzu yana yanka reshe kamar mahauci.

Ni ne yayanki,
Gaetano

Mildura, 15 ga Fabrairu

Yaya Tano,

Na gode Allah da ya sa ka tuna kana da ƙanwa. Muna lafiya, sai zafi da ƙudaje da rashin masu tsinka. Ka sumbaci Nunzia a goshi, ka ce daga Assunta, ko ta gane ko ba ta gane ba.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na farko na yi dariyar da ka hana. Kai tun kana yaro ruɓa kake gani a komai. Ranar aurena ka matsa kek da yatsa don ka ji ko na jiya ne. An ba ka jatan lande kyauta, maimakon ka gode wa Allah ka zauna kana lissafin jana'izar kamfani.

Kuma wa ke maganar fenti? Kai da kake jera manyan tumatir a sama, masu tabo a ƙasa, kana rera musu waƙa har mata su manta da taɓawa? Ba don Nunzia ba da tuni an kore ka daga kasuwar. Ina ji da kunnena, lokacin yana aiki, kana can kana rantsuwa da kabarin Baba, ita kuma ta sunkuya wajen tsohuwar abokiyar ciniki ta ce a hankali, "Yau ba ranarki ba ce, ki dawo ran Talata." Don ran Talata sabon kaya ke sauka. Da bakinka aka sayar, amma saboda ita aka dawo.

Karatu na biyu ban yi dariya ba, saboda maganar titin nan. Ka sa sakata a sama inda hannunta ba ya kai.

Shawarata ita ce kada ka buɗe baki a taro kan zancen direba da fenti. In kana son sanin ko mutumin nan na cikin matsi, ai ka fi kowa sanin hanya. Ka yi masa tayi irin na kasuwa mana. Me Baba ya koya maka?

Ina kunna muku kyandir ran Lahadi. Ka daina shan kofi da yamma.

Ƙanwarka,
Assunta

Melbourne, 24 ga Fabrairu

Zuwa ga Assunta,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan tsinkar inabi na tafiya lafiya. Na sa sakatar. Na kuma bi shawararki, da ma ban bi ba, don da ina zargi ne, yanzu kuwa na sani.

Na tsinki ɓaure daga ɗan reshen da na taho da shi daga Coburg, na jera a kwando da ganye a ƙasa, na sa rigar zuwa coci, na tafi ofis. Pettifer dogo ne mai haƙora masu kyau, irin waɗanda ke riƙe hannunka da hannu biyu. "Tony" yake ce mini. Na gaji da gyara masa.

Ya ce, "Tony! Wannan duk nawa ne? Za ka sa matata ta sake ni ta aure ka."

Na ce, "Yallaɓai, a shekaruna ko kyauta aka ba ni ita sai na nemi ragi."

Muka yi dariya. Na yi maganar zafi, na yi maganar ƙwallo, na bar shi ya ci ɓaure biyu. Sannan na sosa kai kamar tsohon da ba ya gane lissafi, na ce kuɗin hidimar da muke biya kowane wata yana rikita ni, ina mantawa. Da zai yiwu in biya na shekara biyu gaba ɗaya in huta, amma a cire mini rabi.

Rabi, Assunta. Tayin rainin hankali ne. Da wani ya yi mini irinsa a rumfa, da na tambaye shi ko uwarsa ce ta shuka. Ina jiran ya yi dariya, ya ce ai doka ta hana, ya ce sai ya tambayi na sama, ya ce albarka ta kowace hanya da masu ofis ke cewa. Sai ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya zauna, ya goge yatsunsa.

Ya ce, "Yaushe za ka iya kawowa?"

Mai kayan kirki ba ya sallamawa a tayin farko. Ko kayan sun ruɓe, ko ba nasa ba ne, ko ba ya nufin ya kai ranar da za a zo karɓa. Na ce sai na ga mutumin banki, ai kuɗin a ɗaure suke. Ya ce babu gaggawa, amma kafin ƙarshen wata zai fi.

Na miƙe zan fita sai ya ce, "Ya Nancy?" Nunzia ke nan. Ya ce ya ji labarin titi, ransa ya ɓaci. Ya ce akwai wani dattijo a ɗakin da ke kallon fili, iyalinsa sun fara zuwa kullum, na gane ai. Ɗakin yana kallon tagata daidai. Ya ce akwai masu jira da yawa, amma shi yana duba waɗanda suka ɗauki unguwar nan kamar gidansu.

"Af, Tony, ranar baƙi na nan tafe, Asabar ɗin ƙarshe kafin taro. An ce a zamaninka kana iya sayar wa mai gona da tumatir ɗinsa. Ka zo ka zaga da mutane mana, su ji daga bakin mazauni."

Ranar baƙi ita ce ranar da ake buɗe ƙofa masu son saye su zo su gani. Ki gane yadda abin yake. Duk wanda ya bar nan, da ƙafarsa ko a akwati, ba a mayar masa da kuɗinsa sai wani sabo ya sayi gidan. Gidaje da dama yanzu babu kowa, an dai rataya labule an ajiye tukunyar fure a ƙofa. Saboda haka duk mazaunin da ya ji wari, toshe hanci yake ya yi murmushi, don kuɗinsa na aljihun baƙon da bai riga ya shigo ba. Mu ne kayan, mu ne kuma 'yan talla.

Bai ce in yi shiru a taro ba. Irinsu ba sa faɗa. Ya dai riƙe hannuna da hannu biyu.

Da na dawo na tarar da Nunzia na jera lemu a kan tebur, manya a sama. Ta ce, "Bawan Allah, ka ga mijina?" Na ce yana zuwa.

Me zan yi, Assunta?

Yayanki,
Gaetano

Ofishin Manaja, 27 ga Fabrairu

Zuwa ga Mista Gaetano Natoli,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina miƙa godiya bisa ziyararka da kyautar da ka kawo, wadda ma'aikatan ofis suka ji daɗinta.

Ina farin cikin sanar da kai cewa buƙatar maiɗakinka tana cikin waɗanda ake dubawa da muhimmanci. Kamar yadda ka sani, ba da gado ya danganta da samuwarsa da kuma abin da hukumar gudanarwa ta gani.

Mun sa sunanka cikin masu tarbar baƙi. Haka nan ina tunatar da kai cewa za a gabatar da bayanin kuɗi na shekara a taron mazauna, daidai da abin da doka ta tanada. Kowane mazauni na da 'yancin yin tambaya. Sai dai gogewa ta nuna mana cewa damuwar da ta shafi mutum ɗaya ta fi saurin warwarewa a ofis, kuma maganar da ba ta da tushe, in ta fita waje, darajar gidajen kowa take taɓawa.

Game da tsarin biyan da muka tattauna, ƙofata a buɗe take.

Ka huta lafiya.

Naka a kullum,
C. Pettifer, Manaja

Mildura, 5 ga Maris

Yaya,

Muna lafiya. Na ga taka, na ga kuma ta manajan da ka aiko daga baya. Rocco ya karanta mini ita da Turancinsa na makaranta, ya ce wasiƙa ce mai ladabi. Na ce haka macijin da ke kwana ƙarƙashin tankin ruwanmu yake da ladabi.

Kada ka ba shi ko sisi. Wannan ɗaya.

Na biyu, zan faɗi abin da sai na kai wa Fada a coci ran Asabar in nemi gafara. Ka karɓi gadon. Ka je ranar baƙin, ka buɗe bakin nan naka da Allah ya ba ka, ka yi musu waƙar tumatir. A taro ka ɗaga hannu ka ci kek. Baƙin nan manya ne, suna da 'ya'ya da lauyoyi, su buɗe idonsu. Nunzia ba ta da kowa sai kai, kai kuma ka kusa tamanin, da gwiwa ɗaya da rabi. In ka faɗi a banɗaki wa zai buɗe mata sakatar? In kamfanin zai rushe, zai rushe ko ka yi magana ko ba ka yi ba. Gara ya rushe tana kan gado, ai gwamnati ba ta zubar da mai jinya a titi. In ka yi magana ka rasa gadon, kai ta za su yi can wani gari inda sai ka hau jirgin ƙasa da bas kafin ka gan ta, ita kuma ta farka kullum cikin baƙin fuskoki.

Shekara nawa kana yi wa mutane daɗin baki saboda kwandon tumatir. Ka yi sau ɗaya saboda matarka.

Ban yi barcin kirki ba tun da wasiƙarka ta zo. Allah ya yafe mana duka.

Assunta

Melbourne, 21 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da shirun. Ki zauna kafin ki karanta.

Na bi maganarki. Ranar baƙi na yi aski, na sa fure a aljihu, na riƙo Nunzia a hannu don babu mai tsaron ta. Aka haɗa ni da wata gwauruwa, Misis Tilbrook, daga Ballarat, 'yar ƙarama mai jaka a ƙirji. Ba ta zo da ɗa ba, ba ta zo da lauya ba. Ta sa gidanta a kasuwa, ƙafafunta sun fara ba ta tsoro.

Assunta, ban san abin yana nan a jikina ba. Ina buɗe baki ya dawo duka. Na nuna mata furanni, na bi da ita ta hanyar da ba a ganin magudana, na sa ta dariya har ta dafa ni. Na ce, "Uwargida, nan in kika yi atishawa mutum uku za su kawo miki miya, biyu daga ciki don su ga labulenki." Muka tsaya a fili, na miƙa hannu wajen gidan jinya kamar ni na gina shi. Ta ce wannan ne ya kawo ta, ba ta son ta zame wa kowa kaya. Ta ce, "Da gaske akwai gado in lokaci ya yi?"

Na ce, "Na rantse miki da kabarin mahaifina."

Nunzia na tsaye a gefena. Sai ta saki hannuna, ta matsa kusa da matar, ta sunkuya wajen kunnenta, ta ce, "Yau ba ranarki ba ce. Ki dawo ran Talata."

Misis Tilbrook ta yi murmushin da ake yi wa marasa lafiya, ta ce, "To, 'yar'uwa, zan dawo." Ba ta gane komai ba. Ni kuwa na gane. Matar da ta manta sunana, ta manta an yi Coburg, ba ta manta wannan muryar ba. Ta ji yadda nake magana ta san abin da ke ƙasan kwando.

Na raka matar har motarta. Na ce kada ta sa hannu a komai sai ta ji yadda taronmu ya ƙare, ta kuma sa lauya ya tambayi wa ke da gidan jinya. Ta dube ni kamar na mare ta.

Ran taro ɗakin ya cika, tukunyar shayi na huci. Na karanta takardun a karon farko tun zuwana. Yankan ciyawa, ƙwan fitila, inshora, albashin mai shara, komai daidai, har da sa hannun mai binciken kuɗi. Saman kwando ne, jere tsaf. Gidan jinya ko sunansa babu.

Des ya ce, "Mu ɗauka an karanta. Masu goyon baya?" Hannaye suka tashi. "Masu adawa?" Ko ɗago kai bai yi ba, ya fara cewa an amince.

Na ce, "Akwai ɗaya."

Na miƙe. Ni da nake ihu a kan jama'ar kasuwa, muryata ta fito kamar ta ɗan akuya.

Des ya ce, "Tony, aboki, shayi na hucewa."

Na ce, "Sunana Gaetano, kuma shayin nan ko da zafinsa ba shi da daɗi. Yallaɓai manaja, na ga kuɗin ciyawa, na gode. Ni ba ciyawa na saya ba. Gidan can na tsallake, na wa ne yau? In hunturu ya shigo kuma, na wa zai zama?"

Pettifer ya yi murmushi, ya ce abin da doka ta ce a nuna mana shi ne abin da muke biya da yadda aka kashe shi, kuma ga shi an nuna. Gidan jinya na ƙarƙashin wani kamfani ne ɗan'uwan nasu, lissafinsa daban.

Na ce, "Lokacin da kuke karɓar kuɗin gidana ba ku ce ɗan'uwa ba ne. Ana sayar da shi ko ba a sayarwa? Sakatariya na rubutawa, ka faɗa a hankali."

Ya dubi sakatariya. Ya ce akwai tattaunawa da wasu masu sha'awa, ba a kammala komai ba, zai ba da amsa a rubuce.

Na zaci za a taso masa. Ni aka taso wa. Wata a bayana ta ce, "Ka kashe mu, Tony. Wa zai sayi gidana yanzu?" Wani ya ce irinmu ba mu taɓa iya zaman taro ba. Ranar babu wanda ya miƙo mini kek.

Dattijon ya rasu ran Alhamis. Ran Litinin na ga an tura Merle a keken marasa lafiya ta tsallaka fili. Ɗakin da ke kallon tagata nata ne yanzu. Da yamma Des ya zo ƙofata, bai shigo ba, hularsa a hannu.

Ya ce, "Tun bara na sani. Me kake so in yi, Gaetano? Ba na iya ɗaga ta."

Na ce masa na sani.

Jiya wasu mutane masu rigar rawaya sun zo suna auna bangon gidan jinya da na'ura mai ƙafa uku. Wataƙila gyara za a yi, wataƙila rushewa. Wataƙila Merle ta shekara biyar a ɗakin nan lafiya lau, ni kuma in zama wawan da ya jefar da gadon matarsa don wata baƙuwa daga Ballarat. Likita ya samo wa Nunzia wuri a can bayan Geelong, ya ce in ba shi amsa. In na bar unguwar nan kuma, kuɗina na nan a binne sai an sayi gidan, ni da bakina na kori masu saye.

Nunzia ta gano sakatar, tana hawa kujera. Na ɗaura cokula a jikin ƙofa don in ji. Duk ƙarar da aka yi a unguwar nan sai in ji kamar cokula ne.

Ki yafe mini, ban iya bin shawararki har ƙarshe ba.

Yayanki,
Tano

Mildura, 26 ga Maris

Yaya Tano,

Gaisuwa. Kai wawa ne, kuma na fasa zuwa wajen Fada, tunda ka hana zunubin cika.

Ka ce wa likita a'a. Na sa Rocco ya kwashe akwatunan zabibi daga ɗakin gaba, ya saka gado biyu. Daga ƙofarmu zuwa titi tafiya ce mai nisa, duk inabi ne, in ta fita sai dai ta yi wa kurangar ciniki, kuma mu huɗu ne masu ido, ban da kare. Ba gidan jinya ba ne. Ban san iya lokacin da za mu iya ba. Za mu fara dai.

Ka rufe gidan ka ba su makulli. Kuɗin in sun zo sun zo. Ka tono ɓauren, ka ɗauko mata rigar kasuwa.

Rocco ya so ya zo da mota ran Asabar. Na ce a'a, ya bari sai Talata.

Ƙanwarka,
Assunta